Rile ya dafa min ƙwai 264: in koma SSR ko in tsaya kan mai ƙyas-ƙyas?

Mai Ƙyanƙyasa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekaranjiya da asuba na tafka asarar da har yanzu raina bai gama kwanciya ba. Ina da injin ƙyanƙyasa na katako da kafinta ya haɗa min a nan bayan Kofar Kaura, tire uku ne, ƙwai 264. Zafinsa daga ƙwan lantarki yake fitowa, irin na da mai zare a ciki, 100W guda huɗu, sai 'yar fanka da tamostat mai nuna lamba. Ƙwan sun kwana 12. Na dawo daga masallaci na leƙa, sai ga lamba tana nuna zafi digiri 46, fitilu huɗun nan suna ci wal, alhali ɗan jan ɗigon da ke nuna tamostat ya ba da wuta a mace yake. Da na buɗe ƙofar, zafin da ya daki fuskata kamar na leƙa tanda. Na fasa guda biyar, duk 'yan tsakin sun mutu a ciki, ga ido ga ƙafa.

Na kai tamostat ɗin wajen mai gyaran rediyo, ya ɓalle murfin wani ɗan akwati shuɗi da ke ciki, ya nuna min haƙoransa biyu sun narke sun manne kamar an yi musu walda. Ya ce sunansa rile, kuma in daina wahalar da kaina da mai ƙyas-ƙyas, in nemi wanda ake kira SSR, wai shi ba ya lalacewa. Ina so in gyara kafin damina ta sauka zabi su fara ƙwai. Masana, me kuka gani?

Maman 'Yan Biyu:
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri ƙanena. Ƙwai 264 a tsadar nan ai ba wasa ba.

Ɗan Foli:
Allah ya mayar da alheri Yaya. Mai gyaran nan gaskiya ya faɗa maka. Rilen da ke cikin tamostat ɗinka ba komai ba ne illa makunni da maganaɗisu ke dannawa. Akwai koyil, in wuta ta shiga sai ya zama maganaɗisu ya jawo ɗan ƙarfe, haƙora su haɗu, in ta ɗauke sifirin ya mayar da shi. Duk haɗuwa da rabuwa sai an yi ɗan tartsatsi, tartsatsin nan kuwa cin haƙoran yake yi. SSR babu abin da ke motsi a cikinsa. Ɗan ƙaramin haske ne ke kunnuwa a ciki, ya haska wani abu mai jin haske, shi kuma ya tada tirayak, wato makunnin lantarki mara motsi, ya bar wuta ta wuce. Ba ƙara, ba tartsatsi, ba haƙori balle ya narke. Mai ƙyas-ƙyas zamaninsa ya wuce, tun wajen 1835 Joseph Henry ya gwada shi a Amurka, da shi aka ja wayar tangaraho. Shi kuwa SSR a farkon shekarun 1970 ya shigo kasuwa. Ka sayi mai 40A ka huta.

Baba Mai Wayarin:
Yaro, wa ya ce maka ba ya lalacewa?

Ɗan Foli:
Baba ai haka yake a littafi, tunda babu abin da ke gogar wani.

Baba Mai Wayarin:
To littafin bai zo Katsina a watan Afrilu ba. Na fi shekara talatin ina wayarin, daga Kofar Guga har ƙauyukan Jibiya babu inda ban ɗaura allo ba. Abin nan naku na cire shi da hannuna ya fi a ƙirga, robarsa ta kumbura ta yi baƙi. Kuma ka san yadda yake mutuwa? A kunne yake mutuwa. Ya bar wuta tana wucewa, ka kashe ka kashe bai san kana yi ba. Ke nan abin da ya dafa wa wannan bawan Allah ƙwai, shi ne dai zai sake dafa masa, sai dai wannan karon ko ƙyas ba zai ji ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Ka nemi kontakta mai kyau, wato babban rile mai haƙora, ka sa, ka bar wannan ƙyale-ƙyalen.

Injiniyar Sola Daura:
Sannu da haƙuri Malam, Allah ya musanya da mafi alheri. Kafin Baba da ɗansa su kai mu kotu, ina da tambaya uku. Tazarar kunnawa da kashewa nawa ka saita a tamostat ɗin? A minti ɗaya sau nawa kake jin ƙarar nan? Sannan wannan zubi na nawa ne tun da ka sa shi?

Mai Ƙyanƙyasa:
Na gode Hajiya. Na sa 37.5, tazara 0.1, saboda an ce min zafin kada ya yi wasa. Ƙarar kuwa har ta zame min agogo, ɗakina na jikin ɗakin injin. Zan ce duk daƙiƙa ashirin sai fitilun sun kawo. Wannan zubi na huɗu ne.

Injiniyar Sola Daura:
To ga inda gizo ke saƙar. Mu yi lissafi a fili. Sau 3 a minti, sau 180 ke nan a awa, sau 4,320 a kwana. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, ka ga zubi ɗaya ya ci kunnawa 90,720. Irin ƙananan rilen nan masu 10A, in ka duba takardar masu ƙera su, lamba biyu suke bayarwa. In babu kaya a kan haƙoran, suna iya kaiwa kunnawa miliyan 10. In kuma suna ɗauke da cikakken kayan da aka rubuta a jikinsu, wajen 100,000 ne. Naka ya yi zubi uku cif da kwana 12, ya haura 300,000. Wallahi rilen nan bai ci amanarka ba, ya ma yi maka kara.

Za ka ce ai fitilunka 400W ne kawai, ko 2A ba su kai ba, ina ruwansu da 10A? Matsalar ƙwan lantarki mai zare ita ce idan zaren ya huce, a ƙiftawar farko yana zuƙar wuta kusan ninki goma na abin da yake ci in ya yi zafi. Wannan zuƙar tana faɗowa daidai lokacin da haƙoran ke haɗuwa suna ɗan tsalle kafin su zauna. Nan ake yin waldar. Ƙara da cewa in wuta ta zo da rauni, koyil ba ya samun ƙarfin danne haƙoran sosai, sai su riƙa karkarwa.

Don haka a wannan aikin, aikin da ake kunnawa dubbai a rana, ina bayan ɗalibinmu. Musamman irin SSR ɗin da ke jira sai wuta ta zo kan sifili kafin ya kunna. Wutarmu tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, tana ratsa sifili sau 100, shi kuma a daidai nan yake buɗe mata hanya, sai zuƙar farkon nan ta yi sauƙi, su ma fitilun su ƙara kwana. Amma maganar da Baba ya faɗa a kan yadda yake mutuwa, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Zan dawo kanta, yanzu ina kan rufin wani gida.

Ɗan Foli:
Baba ka ji dai, Injiniya ta raba gardama.

Baba Mai Wayarin:
Rabin maganarta ka ji. Kunnen ɗalibi ke nan.

Rewaya Kofar Ƙwaya:
Ni dai a bar min mai ƙafa biyar ɗina. 30, 85, 86, 87 da 87a, ko cikin barci aka tashe ni zan haɗa. Mota ta ƙi tashi, in ce wa yaro murɗa makulli, in ɗora yatsa a kan rilen famfon mai. In na ji ƙyas na san saƙo ya iso, matsala tana gaba. In ban ji ba na san tana baya. In ina shakka in zare na hon in soka a gurbinsa, minti ɗaya an gama bincike. Wannan naku da ba ya magana, ta ina zan san yana da rai? Likita ma ai sai mara lafiya ya ce wash.

Ɗan Foli:
Oga akwai 'yar fitila a jikinsa da ke nuna ya karɓi saƙo.

Rewaya Kofar Ƙwaya:
Ta nuna ya karɓi saƙo, ba ta nuna ya isar ba. Ɗan jan ɗigon Mai Ƙyanƙyasa ma ai cewa ya yi an kashe.

Baba Mai Wayarin:
Allah ya yi maka albarka Rewaya. Bari in ƙara muku wani abu da ya fi ƙwai muhimmanci, wato rai. Rile ko kontakta in ya saki, tsakanin haƙoransa iska ce, wuta ta yanke. Wannan SSR ko ya kashe akwai 'yar wuta da ke ɗiga ta cikinsa. Wani gida da aka kira ni a Sabuwar Unguwa, maigidan ya sa an haɗa masa fitilun tsakar gida da shi, irin ƙwan nan na zamani marasa cin wuta. Da dare an kashe, amma sai su riƙa yin wani dishi-dishi, jefi-jefi su ƙifta. Matan gidan har sun fara maganar a kira malamai. Na ɗora testa a wayar da aka ce a kashe take, testa ta kama ja. Yaron da nake koya wa aiki ya riga ya kai hannu zai warware, na buge hannun. Tun ranar na kafa masa doka: ba a taɓa waya don SSR ya ce ya kashe, sai an sauke bireka an ga ta sauka da ido.

Sannan ku masu cewa a sa shi ko'ina, ku je ku sa wa sumo na rijiyar burtsatse ku gani. Motar lantarki irin ta cikin sumo in za ta tashi tana jan ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci. Ga tsawa da damina. Walƙiya ɗaya ta faɗo kusa da layi, abin nan ya tafi. Kontakta kuwa sai ya girgiza ya ci gaba da aikinsa. Kuma in haƙoransa sun ci, ina buɗewa in gani, in san saura kwana nawa.

Ɗan Foli:
Maganar sumo na yarda Baba, kontakta mai alamar AC-3, wato na tada motar lantarki, da obalod mai yanke wuta in kaya ya yi yawa, shi ne daidai, haka aka koya mana. Amma shi ma kontaktan ai yana da nasa. Lokacin hunturu ƙura ta shiga tsakanin ƙarafan maganaɗisun, ka ji yana gurnani kamar injin markaɗe har koyil ya ƙone.

Baba Mai Wayarin:
Ƙura kaɗai? Tsaka fa? Na taɓa ciro tsaka a soye tsakanin haƙoran kontakta, ta haɗa layi biyu. Tururuwa ma suna son wurin. Ban ce ba shi da aibi ba, cewa na yi aibinsa a fili yake.

Ɗan Foli:
Hahaha Baba ashe abin ya daɗe. A 1947 a jami'ar Habad ta Amurka akwai wata kwamfuta mai suna Mark II da aka gina da dubban rile. Ta rikice, da aka bincika sai aka tarar da wani ƙwaro mai fiffike, irin masu bin fitila da dare, ya maƙale a cikin rile ɗaya. Suka ciro shi suka manna a littafin aiki da salatif, har yau littafin yana ajiye.

Baba Mai Wayarin:
Da sun kira ni da ban manna a littafi ba, shara zan zuba shi in karɓi kuɗina.

Maman 'Yan Biyu:
Don Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa, tunda rile ake magana. Ina sayar da ƙanƙara da zoɓo, firiza biyu gare ni. Ɗaya a cikinsu sau biyu mai gyara yana canja mata abin da ya kira rile a jikin kwamfiresa. In an kawo wuta sai ta yi uuum, sai ƙyas, ta yi shiru, can ta sake. Shin in ce ya sa min wannan SSR ɗin?

Injiniyar Sola Daura:
Na sauko. A'a Yaya, kada ki ce masa haka, naki daban ne ko da yake suna ɗaya ake kiransu. A yawancin firiza na yanzu, abin da masu gyara ke kira rile wani ɗan faifai ne kamar kwabo a cikin baƙar roba. Yana sanyi yana barin wuta ta shiga koyil ɗin tayar da kwamfiresa, cikin ɗan lokaci sai ya yi zafi ya toshe hanyar da kansa. Kafin ya sake aiki sai ya huce, kuma hucewar tana ɗaukar mintuna. To in aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, faifan bai huce ba, iskar gas ɗin ma ba ta daidaita ba, kwamfiresa ta kasa juyawa. Uuum ɗin da kike ji ke nan. Ƙyas ɗin kuma obalod ne yake ceton ta kafin ta ƙone. Haka ma in wutar ta zo da rauni. Ki nemi ɗan akwatin kariya na firij da ake sokawa a soket, wanda ke jira minti uku zuwa biyar kafin ya saki wuta, kuma yake yankewa in wuta ta yi ƙasa ko ta yi sama. In an cire tsohon faifan ki girgiza shi kusa da kunne, in kin ji yana kacau-kacau ya farfashe.

Maman 'Yan Biyu:
Wallahi haka ya yi, kamar tsakuwa a gwangwani. Allah ya saka da alheri ƙanwata.

Shugaban Zaure:
Jama'a mu dawo kan mai ƙwai, har yanzu ba a ba shi amsa ɗaya da zai riƙe ba.

Injiniyar Sola Daura:
To ranka ya daɗe. Bari in fara da zafi, don shi ne abin da masu tallar SSR ba sa faɗa. Haƙoran rile in sun haɗu ƙarfe ne a kan ƙarfe, kusan babu abin da ke ɓacewa. Tirayak kuwa kullum yana cin kuɗin hanya, wajen 1V zuwa 1.5V, komai yawan wutar da ke wucewa. Ma'ana duk 1A da ya wuce yana barin zafin wajen 1W zuwa 1.5W a cikin ɗan akwatin. A injin Malam da bai kai 2A ba, zafin 2W zuwa 3W ne, ɗan faranti na alminiyam ya ishe shi. Amma ka ɗora masa hita mai cin 20A, ka tara zafin da ya haura 20W a abin da bai kai akwatin ashana biyu ba. In babu alminiyam mai haƙarƙari da man da ake shafawa a tsakaninsu, minti nawa zai yi? Kuma lambar da aka rubuta a jikinsa da sharaɗi take, sai an sanyaya shi yadda ya kamata. Mu da inuwa ke haura 40 a bazara, cikin akwatin ƙarfe da ke rana kuwa ba a magana, dole mu rage masa kaya sosai. Waɗanda Baba ya ciro a kumbure, na yi imani yawancinsu a jikin katako ko roba aka ɗaure su tsirara.

Baba Mai Wayarin:
Haka ne 'yata. Wani ma da waya aka ɗaure shi yana lilo.

Injiniyar Sola Daura:
Kuma Baba ga wata hujja kyauta da zan ba ka. Mitar kati da ke gidajenmu, duk cikinta kayan zamani ne, amma in kuɗi ya ƙare me kake ji? Ƙwas. Rile ne mai haƙora, irin wanda ake tura wa wuta sau ɗaya ya maƙale a inda aka sa shi ba tare da ya ci gaba da cin wuta ba. Dalili kuwa, da tirayak aka sa, a 60A sai ya riƙa fitar da zafin da ya kai 60W ko fiye a cikin rufaffiyar roba. Ita mita ba ta kashewa sai jefi-jefi, kuma kaya mai nauyi take ɗauka. Injin ƙyanƙyasa kaya mara nauyi ne amma ba ya hutawa. Shi ya sa amsarsu ta bambanta.

Baba Mai Wayarin:
Ɗan Foli kana ina? Zo ka karanta wannan sau biyu.

Ɗan Foli:
Ina nan Baba, na karanta. Ni ma bari in faɗi wani abu da zai rage min maki. A aikin gwajinmu na makaranta mun sayi SSR biyu a kasuwa, duka an rubuta 40A. Ɗaya ya mutu a kan hitar da ba ta kai 10A ba. Muka fasa shi da guduma don haushi. Tirayak ɗin da ke ciki lambarsa BTA16, wato na 16A ne, kuma ko manne shi da farantin ƙasan ba a yi da kyau ba. Jabu sun cika kasuwa, har tambarin kamfanonin kirki suke kwaikwaya. Shi ya sa na ce Yaya ya sayi mai 40A duk da kayansa 2A ne, don ko jabu ya samu yana da sarari.

Rewaya Kofar Ƙwaya:
Araha ba ta ado. Mu ma a namu akwai mai 40A da in ka ɗaga shi kamar fanko, ƙafafunsa maganaɗisu na kama su don ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla. Ni na tsohuwar mota na gwanjo ya fi min sabo a kwali.

Wani Mai Sola:
Tambaya Hajiya Injiniya. Ina so in riƙa yanke wutar farantin sola daga nesa in batir ya cika. Farantai uku na jera, suna ba da sama da 100V. Ina da SSR na AC a ajiye, zai yi?

Injiniyar Sola Daura:
Kada ka soma. Tirayak ba ya iya kashe kansa, jira yake wuta ta sauko sifili sannan ya saki. Wutar faranti da ta batir DC ce, ba ta zuwa sifili, don haka in ya kunna ya kunnu ke nan har rana ta faɗi. Akwai SSR na DC daban, da wani irin taransista ake yinsa, kuma shi sai ka kula da ƙafar da ke fos da wadda ke negetib. Kada kuma ka ce bari ka koma ƙaramin rile mai haƙora. Ɗauko ɗaya ka karanta jikinsa: za ka ga 10A 250V AC, a ƙasa kuma 10A 30V DC ko 28V. Ba kuskuren bugu ba ne. A AC tartsatsin yana mutuwa da kansa duk lokacin da wuta ta ratsa sifili. A DC in ya kama sai ya tsaya kamar wutar mai walda har ya cinye haƙoran da robar. Na ga allon da ya ƙone ƙurmus a wani ƙauye ta hanyar Mai'aduwa saboda an sa bireka ta AC a layin faranti. Kuma ma cajin batir aikin kontirola ne, bar ta ta yi abinta.

Mai Ƙyanƙyasa:
Na gode ƙwarai, amma kaina ya ɗan ɗaure. Baba ya ce SSR a kunne yake mutuwa, nawa mai haƙora ma a kunne ya mutu. To ina mafita? Ni ba zan iya kwana a zaune kwana 21 ba.

Injiniyar Sola Daura:
Tambayar da ya kamata a fara da ita ke nan. Duk wanda ka sa a cikinsu wata rana zai mutu, kuma yana iya mutuwa a kunne. Kuskuren injinka shi ne mai gadi ɗaya ne a ƙofa. Ka sa biyu, kowa da aikinsa.

Na farko SSR, shi zai riƙa kunnawa da kashewa dare da rana. In za ka iya, ka sayi tamostat ɗin da aka yi shi don SSR, yana fitar da 'yar wutar DC da ke tada shi kai tsaye, yawancinsu 3V zuwa 32V suke karɓa. In kuma irin naka za ka sake saye, to rilen cikinsa ya daina ɗaukar fitilu, ya riƙa tada SSR ɗin kawai. Zai ci gaba da ƙyas-ƙyas ɗinsa amma ba kaya a kansa, ka ga ya matsa kusa da lissafin miliyan 10 ɗin nan, wanda a sau 4,320 a kwana ya haura shekara shida. Sai dai ka duba irin wutar da tamostat ɗin ke fitarwa, in 220V ce akwai SSR mai karɓar AC a ƙafafun saƙo, kada ka soka ta a mai 32V. Ka ɗaure shi a alminiyam, a wajen akwatin, ba a ciki inda ake dafa ƙwai ba. Tazarar ma ka buɗe ta zuwa 0.3, cikin ƙwai ba ya bin iska da sauri haka.

Na biyu tamostat daban, da nasa ma'aunin zafin daban, ka saita shi a 39. Shi zai riƙe ƙaramin kontakta ko rile mai kyau wanda wutar fitilun ke bi ta cikinsa kafin ta isa SSR. A haɗa shi yadda sai koyil na da wuta haƙoran ke haɗe, don ko waya ce ta tsinke, fitilu su mutu. Wannan ba ya aiki sai ranar tsiya, haƙoransa za su daɗe sababbi. Ka haɗa masa ƙararrawa mai ƙarfi. Fanka kuma kada ta bi ta cikinsu, ta ci gaba da juyawa. Ƙwai yana jure ɗan sanyi na awanni, amma zafin 46 ba ya ba shi lokaci.

Baba Mai Wayarin:
Ka ga yanzu aka zo wurin. Yaro ya yi ta tsalle-tsalle, tsoho na zaune a bakin ƙofa da sanda. Haka na yarda. Ka kawo kayan shagona in haɗa maka, kuɗin shayi kawai za ka ba yarana. Kuma duk zubi kafin ka sa ƙwai, ka kama ma'aunin na biyun ka tsoma a ruwan ɗumi ka ga ko kontaktan zai saki.

Ɗan Foli:
Baba ni ne yaron mai tsalle ke nan?

Baba Mai Wayarin:
Kai ka faɗa. Ka zo ranar ka riƙe min testa.

Mai Ƙyanƙyasa:
Salam 'yan zaure, na dawo da labari bayan kwana tara. Baba ya haɗa min kamar yadda Hajiya ta tsara, Ɗan Foli ma ya zo, sun yi ta musu a kan inda za a ɗaure alminiyam har aka kira la'asar. Na zuba tire ɗaya kawai, ƙwai 88, don tsoro. Daren farko ban yi barci ba saboda shirun, na saba da ƙarar, sau huɗu ina fitowa da tocila. Lamba tana tsaye tsakanin 37.4 da 37.7. Alminiyam ɗin in na taɓa ɗumi-ɗumi ne kawai.

Amma jiya wajen ƙarfe uku na rana ƙararrawa ta ɗauka. Na fito a guje ba takalmi, na ce shi ke nan SSR ya mutu. Na tarar kontakta ya saki, fitilu a kashe, lamba tana 39.2. Na kira Baba, ya ce in mayar da kontaktan in ga ko fitilun za su kama. Ba su kama ba, SSR lafiyarsa ƙalau, ashe tun azahar bai kunna su ba. Na ɗauko ma'aunin zafi na rataye a bangon ɗakin, ya nuna 41. Ɗakin kwano ne ba silin.

Injiniyar Sola Daura:
To wannan kam babu rilen da zai maka maganinsa, su kunna zafi suka iya, ba su iya cire shi ba. Ka buɗe ramukan iskar injin da rana, ka ƙara faɗin tiren ruwa amma ka sa ido kan danshi kada ya wuce kima.

Baba Mai Wayarin:
Akwai ɗakin ƙasa a gidanku?

Mai Ƙyanƙyasa:
Akwai na kakarmu, mai rufin azara, tun rasuwarta buhunan gero ne a ciki.

Baba Mai Wayarin:
Fitar da geron yau. Ka jiƙa buhun algarara biyu ka rataya a taga ta gefen da iska ke shigowa. Injin ku ɗauke shi mutum huɗu bayan magariba, a hankali, kada ƙwan su girgiza. Gobe da safe zan turo yaro ya ja maka waya, ka tanadi mita goma sha biyar ta 1.5.

Maman 'Yan Biyu:
In sun fito a ajiye min ashirin, na riga kowa.